Milimita Biyu Tsakanin Tsimi da Ganganci

Canza fad ɗin birki ba ya buƙatar doguwar shawara. Idan ya cinye, ya cinye: ido yana gani, kunne ma yana ji, domin masu ƙera shi sukan maƙala masa wani ɗan harshen ƙarfe da ke fara tsuwa idan namansa ya kusa ƙarewa. Inda ake samun saɓani shi ne a kan abokin aikinsa, faifan ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, wanda makanikai ke kira dis. Da zarar an cire taya, mai mota zai ji ɗaya daga cikin magana biyu. Wani bakanike zai ce, "Yallaɓai, dis ɗin nan ma ya tafi, gara a haɗa gaba ɗaya." Wani kuma zai shafa shi da yatsa ya ce, "Ai wannan da sauransa, a lallaɓa." Kowannensu yana magana da cikakken tabbaci, kuma sau da yawa babu wanda ya auna komai a cikinsu.

Kowace amsa tana da farashinta. Idan aka canza faifan da bai mutu ba, an zubar da kuɗi mai kauri, musamman tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo. Idan kuma aka bar wanda ya kamata a cire, ba a gareji za a biya bashin ba, a kan hanya za a biya shi, wataƙila da iyali a kujerar baya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu da ba ma sa hannu a takardar ofis sai mun ga alƙaluma, da mun shiga gareji sai mu yanke wannan hukunci bisa yanayin fuskar bakanike da nauyin aljihunmu a ranar. Alhali tambayar tana da amsa a rubuce, a jikin faifan kansa.

Aikin birki zafi ne

Kafin mu kai ga wannan rubutu, ya kamata mu fahimci abin da faifan yake yi. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfi, kuma ƙarfin nan ba ya ɓacewa don kawai direba yana son tsayawa. Dole ya koma wani abu. Idan ka taka birki, man birki yana tura fistin da ke cikin kalifa, fistin ya matse fad biyu a kan faifai ta kowane gefe, gogayyar da ke tsakaninsu ta mayar da gudun motar zafi. Aikin birki ke nan gaba ɗaya: sayen tsayuwa da zafi.

Zafin kuwa ba kaɗan ba ne. Motar da nauyinta ya kai kilogiram 1,500 tare da mutanen cikinta, idan tana tafiyar kilomita 100 a awa, tsayar da ita sau ɗaya yana fitar da zafin da zai iya tafasa ruwa kusan lita 2, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ba ya ninka biyu, huɗu yake ninkawa. Mafi yawansa, kusan kashi biyu cikin uku, yana sauka ne a kan fayafan gaba, domin nauyin mota yana rinjaya gaba idan an taka birki. Shi ya sa birkin gaba yake riga na baya ƙarewa, shi ya sa kuma tsofaffin ƙananan motoci da dama suke da faifai a gaba, duram a baya.

Dabarar faifan ta tsufa. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi mata rajista tun 1902, amma ba ta karɓu sosai ba sai da motar Jaguar mai irin wannan birki ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1953. Fifikon faifai a kan duram shi ne yana fili, iska tana kaɗa shi, yana saurin hucewa. Yawancin fayafan gaba ma biyu ne a haɗe, da ramuka a tsakaninsu waɗanda ke jan iska kamar fanka.

To, faifai tamkar tukunya ce da ake zuba wa zafi. Mai kauri yana ɗaukar da yawa kafin ya cika. Wanda ya siranta yana saurin cika, idan ya cika kuwa zafin yana komawa kan fad, har fad ya rage kamu, ko ya isa ga man birki. Man birki nau'in DOT 3, idan sabo ne, ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya tsufa ya sha danshi, zai iya tafasa a wajen digiri 140. Ranar da ya tafasa, feda takan tafi ƙasa babu kamu.

Ga wani abu da ke yaudarar mutane. Faifan da ya siranta ba ya nuna kansa a cikin gari. Daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa kasuwa, birki yana kamawa sarai, domin taka ɗaya ba ta cika tukunyar. Inda yake tona asirinsa shi ne wurin da ake taka birki a kai a kai ba hutawa. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, duk wanda ya taɓa sauko wa ta Hawan Kibo ya san irin aikin da ƙafar dama take yi. Motar nan tamu mai kilogiram 1,500, idan ta sauko gangaren da zurfinsa ya kai mita 300 aka bar wa birki aikin shi kaɗai, zafin da zai sha ya haura na tsayuwa 7 a jere daga gudun kilomita 100. A nan ne ake bambanta faifan da ke da sauran jiki da wanda ake lallaɓawa. A nan ne kuma direba mai hankali yake sa ƙaramar giya, inji ya ɗauki rabin kayan.

Lambar da ke jikin faifai

Kusan kowane faifai, idan aka goge tsatsar da ke gefensa ko a kan cibiyarsa, za a ga an rubuta MIN TH, sai wata lamba a milimita. Ma'anarta ita ce mafi ƙarancin kaurin da kamfanin ya yarda a yi amfani da shi. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin kaurin sabo da wannan iyaka ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Duk rayuwar faifai a cikin wannan 'yar tazara take. Wannan ne ya sa yatsa ba ya iya yanke hukunci. Babu yatsan da zai bambanta milimita 24 da 23.

Iyakar ba don zafi kaɗai aka sa ta ba. Faifan da ya wuce ta ya fi saurin tsagewa. Sannan idan siririn faifai ya haɗu da fad da ya cinye, fistin yakan fito daga kalifa fiye da yadda aka tsara, har ya iya karkacewa ko man birki ya fara yoyo.

Awon ba shi da wahala. Ana yin sa da maikuromita, wani ɗan ma'aunin kauri da ke kama faifai ta gefe biyu. Ba a aunawa a bakin faifai, domin fad ba ya taɓa can, saboda haka yakan bar wani leɓe mai tudu da ke riƙe da kaurin asali. Wanda ya auna a kan leɓen zai ga faifai kamar sabo. Ana shiga ciki kamar milimita 10, a auna a wurare shida ko takwas a kewaye, a ɗauki mafi ƙanƙanta.

Ni a motata, wata tsohuwar Corolla, lambar da ke jikin faifan gaba 23 ce, sabonsa kuma 25. Akwai maikuromita a akwatin gaban motar, tare da ɗan littafin da nake rubuta ranar juyen mai. Wata shekara, ana saura mako guda mu tafi ɗaurin aure Jos, na kai ta canjin fad wurin wani dattijon bakanike da na daɗe ina hulɗa da shi. Yaronsa yana cire taya ya ce dis ya mutu, saboda tsatsar da ya gani a gefe. Dattijon bai ce komai ba. Na miƙa masa ma'aunin na ce, "Baba, a taimaka a duba mana." Ya goge faifan, ya auna nan, ya juya, ya auna can. Hagu 24.2, dama 24.1, fuska sumul babu rami. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ajiye kuɗinka. Wannan zai cinye wani fad ɗin." Aka ɗaura fad kaɗai.

Da fad ɗin nan ya ƙare aka koma, awo ya nuna 23.3 da 23.2. A bisa rubutu, faifan bai kai iyaka ba tukuna. Amma lissafin a fili yake: fad ɗaya ya ci masa kusan milimita guda, saura abin da bai kai rabin milimita ba. Sabon fad ba zai kai rabin rayuwarsa ba faifan zai faɗa ƙasa da 23, kuma babu wanda zai cire taya a lokacin ya sake aunawa. Dattijon da ya hana ni kashe kuɗi wancan karon shi ne ya ce, "Yanzu kam lokaci ya yi." Mota ɗaya, bakanike ɗaya, amsa biyu mabambanta, kowacce daidai a ranarta. Tambayar ba ita ce ko faifan ya kai iyaka yau ba. Tambayar ita ce ko zai kai sabon fad ƙarshen tafiyarsa.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe faifai ko da kaurinsa yana nan. Tsagewar da ta kai baki, komai ƙanƙantarta, ba ta da magani. Rami mai zurfi, irin wanda ke faruwa idan fad ya ƙare ƙarfe ya ci ƙarfe, yana hana sabon fad zama sosai. Tabo mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cewa zafi ya taɓa wuce kima a wurin. Amma siraran layukan da farce ke bi ta kansu ba ya maƙalewa, da jar tsatsar da ke fitowa bayan an wanke mota ko ta kwana a ruwan sama, ba komai ba ne. Taka birki biyu ko uku yana share ta.

Karkarwa, da abin da ake kira lanƙwasa

Dalili na biyu da ke sa a ce a canza faifai shi ne karkarwa. Ka taka birki a kan babban titi, sitiyari ya fara rawa a hannunka, feda tana bugun tafin ƙafarka. Abu na farko shi ne a tabbata birki ne. Idan karkarwar tana zuwa ko ba a taka birki ba, musamman a wani gudu na musamman, a fara duba taya da balansin. Idan sai an taka take zuwa, to faifai ne, kuma idan a sitiyari aka fi jin ta, na gaba ne.

Abin da aka saba faɗa shi ne dis ya lanƙwashe. Carroll Smith, wani injiniyan motocin tsere ɗan Amurka, ya yi wani sanannen rubutu yana ƙalubalantar wannan magana. Hujjarsa ita ce, a mafi yawan lokuta faifan bai lanƙwashe ba, kaurinsa ne ya daina zama ɗaya a kewaye. Wani wuri ya ɗan fi wani tudu, duk juyi ɗaya tudun ya ratsa tsakanin fad biyu ya tura fistin baya, ƙafarka ta ji. Bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ya girgiza mota.

Muhimmancin wannan bayani shi ne yana kai mu ga musabbabi. Rashin daidaiton kauri yana da iyaye sanannu. Na farko, datti ko tsatsa a kan mazaunin da faifai ke zama. Idan aka ɗora faifai a kan ƙwayar yashi, zai riƙa juyawa a ɗan karkace. Kamfanoni da dama ba sa yarda wannan karkata ta wuce wajen milimita 0.05. Faifai mai karkata yana shafar fad a wuri guda a kowane juyi ko ba a taka birki ba, a hankali wurin ya bambanta da saura. Na biyu, ɗaurin notocin taya. Mun saba ganin mai faci ya sa doguwar sifana ya hau kanta da ƙafa yana tsalle, wani noti ya sha ɗauri fiye da wani. Kowace mota tana da ƙarfin ɗaurin da aka ƙayyade mata. A ƙananan motocin Toyota da yawa niyuton-mita 103 ne, kuma ana ɗaurewa ne ana tsallake noti, ba a bi da bi ba. Na uku, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu. Idan giris ɗinsu ya bushe, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga, kalifa takan maƙale, fad ɗaya ya riƙa goga dare da rana. Na huɗu, ɗabi'ar direba: a yi birki mai ƙarfi, faifai ya ɗau zafi, sannan a tsaya cak a danne feda na tsawon lokaci, fad ya bar hoton kansa a wuri guda.

Duk wanda ya sayi sabon faifai bai gyara waɗannan ba, bayan 'yan watanni karkarwar za ta dawo, ya ce an sayar masa da jabu. Wataƙila jabun ne. Wataƙila kuma mazaunin ne ba a goge ba.

Shawarar da ta zo daga wata ƙasa

Wanda ya bincika wannan tambaya a intanet zai tarar da masu cewa a riƙa canza faifai duk lokacin da aka canza fad. Shawarar ba ta banza ba ce, amma tana da ƙasar haihuwa. A Amurka ladan bakanike da awa ake lissafa shi, kuma a wurare da dama yana haura dala 100 a awa guda. Faifan ƙaramar mota kuwa ba shi da tsada idan aka kwatanta da wannan lada. Gareji ya gwammace ya sa sabo ya huta, da ya ɓata lokaci yana awo, ko mai mota ya dawo bayan wata guda yana ƙorafin ƙara a sake aikin kyauta. Akwai kuma motoci, musamman na Jamus da dama, waɗanda fad ɗinsu ke cin faifai da sauri, har su kusa ƙarewa tare.

A nan lissafin a juye yake. Ladan aiki yana da sauƙi, kaya ne ke da tsada, kuma ingancin kayan ba shi da tabbas. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman faifai, tambayar farko da zai ji ita ce wanne yake so: orijina, mai bi masa, ko Beljiyam. Saboda haka "sabo" a nan ba kullum yake nufin "mafi kyau" ba. Faifan asali da ya zo da mota, mai sauran kauri da lafiyayyar fuska, ya fi sabon da ba a san irin ƙarfen da aka zuba shi da shi ba. Cire na farko a sa na biyu don kawai an karanta a intanet asara biyu ce. Araha dai ba ta ado.

Na Beljiyam kuwa, a tuna cewa daga jikin wata mota aka ciro shi, ba a san tafiyar da ya yi ba. Yana iya zama mai kyau ƙwarai, amma a je da ma'auni, a duba lambar da ke jikinsa, a leƙa ramukan iskar da ke tsakiya, domin a ƙasashen sanyi ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa kuma takan ci faifai ta ciki.

Tsakanin bari da canzawa akwai hanya ta uku, wato kai faifai wurin masu injin lez su yi masa aski, abin da makanikai ke kira sikimin. Yana gyara fuska, yana kawar da karkarwa, amma da naman faifan ake biya. Ƙa'idar ɗaya ce: a auna bayan aski, ba kafin aski ba. Idan abin da ya rage ba zai kai sabon fad ƙarshe ba, an biya kuɗi ne an ƙara kusantar da faifai ga kabarinsa. Ga faifan da tazararsa milimita 2 ce kacal, sau da yawa aski ɗaya ne iyakar abin da zai iya ɗauka, idan ma zai ɗauka.

Kowace hanya aka bi, ana yin ta ne a ɓangare biyu tare, hagu da dama. Faifai sabo a gefe guda da tsoho a ɗaya gefen yana sa kamun birki ya bambanta, mota ta riƙa fizga gefe a daidai lokacin da aka fi buƙatar ta tafi sak.

Bayan an ɗaura

Sauran aikin ƙanana ne, amma su ke sa kuɗin da aka kashe ya yi amfani. Sabon faifai yana zuwa da ɗan mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa a shago, sai an wanke shi kafin a ɗaura. A goge mazauni har ƙarfe ya fito fes. A sa wa ƙusoshin kalifa giris irin nasu. Kafin mota ta motsa daga gareji, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, domin an tura fistin baya wajen sa sabon fad, takun farko ba ya kama komai. Daga nan a sami titi marar cunkoso, a rage gudu daga kamar kilomita 60 zuwa tafiyar ƙafa sau takwas ko goma, ba tare da tsayawa cak ba, sannan a ci gaba da tafiya birki ya huce. Wannan yana sa fad ya shimfiɗa siririn rufi daidai wa daida a fuskar faifai, wanda shi ne asalin kamu mai laushi.

Ba na ganin bakaniken da ya ce a canza a matsayin macuci, ko wanda ya ce a lallaɓa a matsayin mai ganganci. Na farko yana gudun a dawo masa da aiki, na biyu yana tausayin aljihunka, kuma dukansu suna amsa tambayar da ido ba zai iya amsawa ba. Abin da ya rage ga mai mota shi ne ya sauya tambayar. Maimakon "Malam, ya ka gani?", ya tambaya abu uku: nawa aka rubuta a jiki, nawa awo ya nuna, nawa ya nuna wancan karon. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin suna cire shi daga zargi. Idan garejin ba shi da ma'auni, saye ɗaya bai kai kuɗin faifai biyu ba, kuma zai yi maka aiki muddin kana tuƙi. Rubuta lambar a littafin mota tare da kwanan wata da kilomitar da ke kan allo. Ranar da fad na gaba ya fara tsuwa, za ka shiga gareji da rabin amsar a hannunka.